Tsagar Bangon Gwaggo

Duk unguwarmu babu abin da ya sha hoto kamar tsagar da ke bangon ɗakin Gwaggo. Amare ma ba su samu rabin abin da ta samu ba. Tsaga ce da ta taso daga tushen bango ta yi sama a karkace har ta kusa taɓa rufi, kana tsaye a cikin ɗakin kana hango kwatar bayan gida. Ni katangarmu ɗaya da su, kuma gajeriya ce, don haka abin da ban gani ba na ji shi.

Gwaggo yayar mahaifin mai gidan ce, ita ta goya shi bayan uwarsa ta rasu. Yanzu ƙafafu sun daina ɗaukarta, sai dai ta ja jiki zuwa bakin ƙofa ta sha hantsi. Shi kuwa mai gidan, tun da aka naɗa shi shugaban kwamitin kare unguwa daga ambaliya sunansa ya ɓata, kowa Ciyaman yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. An ba shi riga mai ƙyalli da takalmin roba har gwiwa, da usur na gargaɗi wanda yake ratayawa a wuya ko da tsakiyar rani.

Damina dai ta canza mana hali. Sai a yi makonni babu ko ɗigo, rannan kuma sama ta juye ruwan wata guda a yini ɗaya. Unguwarmu a kwari take, ruwan kowa wajenmu yake sauka. Shi ya sa wata ƙungiyar agaji ta shigo, ta ce za ta gyara ɗakunan tsofaffi da marasa ƙarfi kafin ruwa ya kayar da su a kansu. Ciyaman ya waiwaya cikin gidansa, ya ga tsohuwa, ya ga tsaga, ya ga an haɗa masa komai a ɗaki ɗaya.

Ranar da baƙin za su fara zuwa, tun da safe na jiyo shi yana ba matarsa umarni.

"A ɗaura wa Gwaggo tsohon zanen nan da ya koɗe. A ɗauke katifar kuma."

"Katifar me ta yi?"

"Ke ba ki san aiki ba. Mutanen nan in suka ga katifa sai su ce muna da hali."

Baƙi suka zo, mata biyu da wani dogo mai kyamara. Ciyaman ya zura hannunsa cikin tsagar har gwiwar hannu, ya juyo da fuskar tausayi, ya yi bayani a kan sauyin yanayi har muryarsa na rawa. Ya ce tsohuwar nan ita ce uwarsa ita ce ubansa, ba ya barci in hadari ya taso. Ɗaya daga cikin matan ta durƙusa gaban Gwaggo.

"Mama, me kika fi buƙata?"

"A toshe mini ramin nan, 'yata. Iska na damuna."

Ciyaman ya ce, "Kun dai ji da kunnenku."

Ba a jima ba mota ta sauke bulo da siminti da kwano da buhunan yashi a ƙofar gida. Bulon ya tafi ɗaga shagon Ciyaman da ke bakin titi, har sai da aka yi masa matakala. Kwanon ya zama rumfar babur. Siminti aka daɓe tsakar gida da shi, Ciyaman na tsaye a kan birkila yana cewa a karkata daɓen nesa da falo. Nesa da falo kuwa shi ne ƙofar Gwaggo. Buhunan yashi aka jera su a ƙofar gida, ɗaya ya ɗauka da kansa ya cusa a rariyar da ruwan gidan ke fita ta cikinta, wai kada ruwan titi ya shigo ta nan. Na titi bai shigo ba, na gida kuma bai fita ba. Katifa ma tun da ta shiga ɗakin yara ta manta hanyar dawowa.

Ragowar simintin aka kai shi ɗakin ajiya. Ɗaki ne na bulo mai dandamali, ko ɓera bai isa ya shiga ba. Aka jera katako a ƙasa, aka ɗora buhunan a kai, aka lulluɓe su da tamfol kamar jarirai.

Da ruwan farko ya sauka, duk abin da ya zubo daga kwanon gidan ya bi daɓe ya taru a ƙofar Gwaggo. Ya tsaya jim kaɗan, da ya ga babu wata hanya sai ya haura dokin ƙofa ya shiga, ya ratsa ƙarƙashin tabarmarta, ya fita ta gindin tsagar zuwa kwata. Tun daga ranar ɗakin Gwaggo ya zama rariyar gidan.

Da Ciyaman ya leƙo gaisheta washegari, daga bakin ƙofa ya tsaya don kada takalminsa ya ɓaci.

"Ɗan nan, ina aikin da suka ce za a yi mini?"

"Ana kai, Gwaggo. Shi aikin kariya daga waje ake faro shi. Haka aka koya mana a wajen bita. In aka tsare ƙofar gida an tsare kowa."

"To ai ni ta ciki yake zo mini."

"Wannan ba ambaliya ba ce, Gwaggo, ruwan sama ne kawai."

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ita ba ta je bita ba, ba ta san akwai ruwan da ke jiƙa mutum da wanda ba ya jiƙawa ba.

Haka damina ta yi ta tafiya. Tabarma ta yi fumfuna, aka shanya ta, ta sake yi. Bangon ya sha ruwa har ƙugu, launinsa ya yi duhu, in ka dafa shi sai ƙasa ta biyo tafin hannunka. Ƙafafun Gwaggo suka kumbura, tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. In hadari ya haɗo sai matar Ciyaman ta kifa bahon wanki ta ɗora ta a kai, ta zauna dungurgur da ƙullin kayanta a cinya har ruwa ya gama wucewa. Na shiga duba ta wata rana na tarar da kwaɗo zaune a kwanon shanta.

Ta ce, "Bar shi, maƙwabciya. Shi kaɗai ke shigowa bai tsaya a bakin ƙofa ba."

Na yi dariya, amma da na koma gida sai da na yi hawaye.

Matar Ciyaman mace ce mai sanyin hali, tela ce, yini take a kan keken ɗinki ba ka jin bakinta. Amma abin ya kai ta maƙura. Wata rana da rana tsaka yana cin abinci a inuwar rumfar babur ta same shi.

"Baban yara, a mai da Gwaggo ɗakin ajiya mana, ko zuwa ƙarshen damina ne."

"Simintin kuma a kai shi ina?"

"A matsar da shi gefe, ko a kai shi ɗakinta."

Ya ajiye cokali ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. "Siminti a ɗakin nan? Kin san siminti kuwa? In ya sha danshi sau ɗaya ya mutu ke nan, dutse yake zama."

"Gwaggo fa?"

"Gwaggo ta saba. Mutanen zamanin da ai ba irinmu ba ne, jikinsu na da ƙwari. In kika kai ta ɗakin siminti ma sanyin daɓe ne zai kwantar da ita."

"To falo."

"Falon da nake karɓar manyan baƙi? Ke dai ba kya son ci gaban gidan nan." Ya rage murya, amma katangarmu ba ta ɓoye magana. "Saurara ki ji. Akwai rabo na biyu, ya fi na farko girma. In suka dawo suka tarar babu kowa a ɗakin, ko suka ga an gyara, sai su wuce gidan gaba. Ki yi haƙuri su zo su tafi. Ai don ita nake duk wannan wahalar."

Wahalar kuwa ta karɓe shi, don a daminar nan rigar mai ƙyalli ta daina rufe cikinsa.

Da marka ta kama, aka yi kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba, Gwaggo ta fara cewa bangon yana yi mata magana. Ƙasa ce ke zubowa daga tsagar, sur-sur, a kan zanenta. Matar Ciyaman ta leƙo ta katanga ta kira ni. Ranar Ciyaman yana wajen wani taro a kan gargaɗin gaggawa. Muka kwaɓa laka da ciyawa, muka cike tsagar ciki da waje, muka shafe da hannu. Na ɗauko wani katako mai kauri da ya rage daga rufin ɗakinmu, muka tokare bangon da shi. Ba aikin magina ba ne, amma iska ta daina shigowa, ƙasa ta daina zuba. Gwaggo ta yi ta sa mana albarka har muka ji kunya. Kwanakin da suka biyo baya tarin ma ya ɗan lafa.

Ciyaman bai lura ba, don ba shiga yake yi ba. Sai ranar da aka bugo masa waya cewa manyan ƙungiyar da kansu za su zo gobe, ya shiga duba kayan aikinsa. Ihunsa na fara ji.

"Wa ya taɓa mini bango?"

"Ni ce," in ji matarsa. "Ƙasa ke zubo mata a ka."

"Kin san abin da kika yi kuwa? Tsagar nan har manyansu na can sama sun san ta. Gobe su zo in nuna musu me? Yaɓe?"

Ya ɗauko adda. Yaransa na tsaitsaye a tsakar gida suna kallo, ya shiga ƙwaƙule lakar da muka cusa. Lakar ta riga ta kama jikin bango, don haka duk inda ya sara sai ta fito da tsohuwar ƙasa. Kafin ya gama, tsagar da hannu ke shiga ta zama wadda kai zai shiga. Ya ja da baya ya dube ta, ga alama aikin ya yi masa kyau. Sannan ya sa ƙafa ya ture katakon.

"Wannan kuma a mayar wa masu shi. Tokare alama ce ta an fara gyara."

Gwaggo na kan baho tana kallonsa, ƙurar laka duk ta bule mata kai.

"Ɗan nan, sanyi zai dawo fa."

"Kwana ɗaya ne, Gwaggo. Gobe in sun zo kin ga ɗaki sabo fil, har da taga. Ke dai ki zauna yadda suka saba ganinki. Kada ki ba ni kunya a gaban baƙi."

"Ban taɓa ba ka kunya ba."

Washegari gari ya waye da baƙin hadari. Kafin hantsi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tsakar gidansu ya cika, buhun yashi na zaune daram a rariya yana aikinsa. Ciyaman ya fito cikin cikakkiyar shiga, riga da takalmi da usur. Aka bugo masa cewa motar baƙi ta tsaya a babban titi, ruwa ya hana ta gangarowa. Ya leƙa ɗakin Gwaggo, ya ga ruwa ya kai rabin baho, fuskarsa ta washe.

"Yawwa. Haka nake so su gani da idonsu. Kada wanda ya ɗaga ta kafin in dawo."

"Baban yara, ka dubi bangon nan."

"Bangon da ya shekara nawa a tsaye, yau ne zai faɗi? Ni aka horar a kan abin nan ko ke?"

Yana fita ta kira ni. Na haura katanga, abin da rabona da yi tun ina yarinya. Ruwa na shiga ta ƙofa yana fita ta tsaga da ƙarfi, yana tafiya da gindin bangon kaɗan-kaɗan. Muka kama Gwaggo, ni hannu ɗaya ita hannu ɗaya. Sai tsohuwa ta riƙe bakin baho gam.

"Ku sake ni. Ya ce in jira baƙi."

"Gwaggo, bangon zai faɗo."

"Yanzu za su iso. In suka zo ba su same ni ba, me zai ce musu? Yaron nan marayan Allah ne, ba shi da kowa sai ni."

Marayan da take faɗa ya yi furfura a gemu, yana da shago mai matakala. Muka roƙe ta, muka ja, ta fara kuka tana cewa za mu karya ta. Jikinta ya yi nauyi da kumburi, ƙasa kuma santsi, mu biyu ba za mu iya ɗaukarta tana turjewa ba. Matar Ciyaman ta ce in kira maigidana da ƙaninsa su ɗauke ta da bahon gaba ɗaya, ita kuma ta ruga ta cire buhun da ke rariya ko ruwan zai ragu. Ina kan katanga, ita tana durƙushe tana jan buhu, muka ji ƙarar. Ba wata babbar ƙara ba ce. Kamar an sauke buhun hatsi daga kan mota.

Maza suka taru suna tono da hannu da cebur. Ana cikin haka muka jiyo usur daga bakin layi, fir-fir-fir. Ciyaman ne tafe a gaban baƙi yana busa gargaɗi, suna biye da shi riƙe da lema. Wannan ne karo na farko da usur ɗin ya yi aiki a unguwarmu, kuma bango ya riga shi.

An zaro Gwaggo da rai, ƙugu a karye, ƙirji a danne. Ciyaman ya zube cikin laka yana kuka, yana cewa abin da yake gudu ke nan, ya faɗa ya ƙara faɗa, taimako ne bai iso da wuri ba. Baƙin suka yi ta ba shi haƙuri, har ɗaya na share hawaye. Dogon nan mai kyamara ya ɗauki ɓaraguzan ta kowane gefe. Babu wanda ya tambayi inda kayan farko suka shiga, alhali a kan daɓensu suke tsaye. Matar Ciyaman ta buɗe baki za ta yi magana, sai Gwaggo ta damƙe hannunta daga inda take kwance, ta girgiza mata kai.

Da motar baƙin aka kai ta asibiti. Bayan 'yan kwanaki likita ya ce a koma da ita gida, babu sauran abin yi. Falo cike yake da masu zuwa jaje ga Ciyaman, don haka aka matsar da siminti gefe aka shimfiɗa mata a ɗakin ajiya. Katifar ma ta tuno hanya. Na shiga na same ta tana shafa bangon bulo da tafin hannu.

Ta ce, "Ashe ɗakin nan da ɗumi haka."

Ba ta daɗe tana jin ɗumin ba. Da hantsin wata rana ta cika, simintin na gefenta a lulluɓe, ko buhu ɗaya bai sha danshi ba.

Rabo na biyu ya zo, kuma ya fi na farko kamar yadda Ciyaman ya faɗa. Har takardar yabo aka haɗo masa da ita, ya rataye a falo. Yanzu in an kira taro a kan kare marasa ƙarfi, shi ake ba lasifika, ya ba da labarin Gwaggo, mata su yi ta matsar ƙwalla. Bulon ya tafi ginin shago na biyu.

Da ruwa ya ɗauke sai na ga an kawo jar ƙasa ana kwaɓawa a tsakar gidansu. Ciyaman ya sa an sake tayar da ɗakin Gwaggo a inda yake, da laka, babu ko cokalin siminti. Na ɗauka kaji zai zuba. Rannan da la'asar matarsa na kan keke tana ɗinki, yara na zaune a gefe, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, murya a tausashe.

"Wai ni Baban naki, tun da idonsa ya tafi wa ke kula da shi a can?"

Keken ya ci gaba da tafiya.

"Na ga bai kamata dattijo kamarsa yana zaune shi kaɗai ba, ga ɗaki a nan babu kowa. Kuma an ce baɗi masu lalurar ido za a fi ba muhimmanci."

Keken ya tsaya. Ta cire zaren da haƙori, ta ninke ɗinkin ta ajiye, sannan ta dube shi. Tun da nake da ita ban taɓa ganin ta dubi mijinta ido cikin ido ba sai ranar.

"Baba yana nan lafiya inda yake, kuma ko gawarsa ba za ta shigo gidan nan ba. Ɗaki kuwa kada ka damu, bai rasa mai shi ba. Kai ma ba yaro kake komawa ba. Ga 'ya'yanka nan, a gabansu ka yi komai, sun ga yadda ake ɗauke katifa, sun ga yadda ake riƙe adda. Ba sai an kai su bita ba."

Ciyaman ya yi 'yar dariya, ya waiwaya wajen yaran ko za su taya shi. Babu wanda ya taya shi, kallonsa kawai suke yi. Ya juya ya dubi sabon ɗakin. Lakar ba ta gama bushewa ba, amma daga tushen bango wata siririyar tsaga ta riga ta fara hawa.